Yadda muka gina dutse mai aman wuta a tsakar gidanmu a Yamai

A hutun ƙarshen shekarar da ta wuce yarana suka matsa lamba sai mun yi dutse mai aman wuta irin wanda suka gani a salula. Bidiyon bai kai minti ɗaya ba: hannu ya zuba farar hoda, ya bi ta da ruwa, jar kumfa ta malalo. Abin da ba a nunawa shi ne wace hoda ce, a ina ake samunta a gari irin Yamai, nawa ake zubawa, da kuma jiran da laka ke sa mutum kafin ta bushe. Waɗannan su suka ci mana lokaci, shi ya sa na ga ya dace in rubuta yadda abin ya gudana daki-daki, don uwa ko uban da yara za su zo masa da wannan buƙata ya san inda zai sa ƙafa. A Bukoki muke zaune. Babbar ɗiyata tana CM2, ajin ƙarshe na firamare, mai bi mata yana CE2, aji na huɗu, autan bai shiga lakwal ba tukuna. Ni ɗinki nake yi, amma maƙwabcinmu mushe ne, yana koyar da kimiyya a kwaleji, kuma duk inda na kawo bayanin dalilin wani abu a nan, a wurinsa na ji, sannan na gani da idona.

Da na je masa da maganar, ya ce abu biyu ne tushen aikin: hodar bikarbonat da binegar, wannan farin da muke zubawa a salati. Sauran duk ado ne. Na ɗauka fita ɗaya za ta wadatar. Mai shagon unguwarmu da na tambaye shi bikarbonat sai ya miƙo mini ƴar ledar hodar da ake sa wa kek don ya tashi. A shago na gaba aka ba ni yis na fanke. Dukansu suna sa ƙulli ya tashi, shi ya sa masu shago ke haɗa su wuri ɗaya, amma ba aikinsu ɗaya ba. Yis abu ne mai rai, a hankali yake aiki, sai ya samu sukari da ɗumi da lokaci. Hodar kek kuwa akwai bikarbonat a cikinta, amma an gauraya ta da wasu abubuwa, kumfar da take bayarwa ba ta da ƙarfi, ga ledar ƙarama. Inda hankalina ya tashi shi ne a wata kasuwa, wurin wani mai sayar da kayan haɗa sabulu. Da ya ji abin da nake nema ya ce ai soda ce, ya buɗe wani bokiti ya nuna mini fararen ɓarɓashi masu ƙyalli, yana shirin aunawa. Na tambaye shi ko ana sa ta a abinci. Ya zaro ido ya ce, «A'a Hajiya, wannan ko hannu ta taɓa sai ta ƙone shi.» Sodar sabulu ke nan, mai cin fata, wadda in ta shiga idon yaro tana iya makantar da shi. Na dawo gida jikina a sanyaye, ina tunanin wata uwar da za ta karɓa ba tare da ta tambaya ba. Wannan tambayar, ko ana sa ta a abinci, ita ce za ku riƙe duk inda kuka je saye.

A ƙarshe a farmasi na fara samun ta gaske, cikin ƙaramin kwali, an rubuta sunan a jiki, na biya dala ɗari. Daga baya na gano masu sayar da kayan kek da na cincin suna da ita a ƙulle cikin leda, kuma ta fi araha nesa ba kusa ba. Binegar kwalba guda na saya dala ɗari, na ƙaro wata daga baya don shi ne ke saurin ƙarewa. Sabulun ruwa na wanke-wanke muna da shi a gida. Maigida ya biya ta kasuwar Katako ya samo guntun falanki da za a ɗora ginin a kai, dala sittin. Da kala da ɗan siminti da sirinji, waɗanda zan zo kansu, duk kuɗin da muka kashe bai kai jika uku ba.

Yara suna so a fara kwaɓa laka nan take, mushe ya hana. Ya ce a fara gwada aman a gora tsirararta, a san ma'auni, kafin a binne ta cikin gini inda ba a ganin abin da ke faruwa. Wannan shawarar ita ta fi kowace amfani. Muka jera gorunan roba a cikin babban daro: mai lita ɗaya da rabi, mai rabin lita, da ƴar ƙaramar gorar lemo. A babbar, kumfa ta taso ta tsaya a rabin hanya ta koma, don wurin ya yi mata yawa. A ta rabin lita ta fito amma ba kuzari. A ƙaramar, mai siririn wuya, ta yi tsalle sama da taƙi guda kafin ta zubo. Muka tsaya a kanta. Ma'aunin da ya zauna mana shi ne babban cokali ɗaya na bikarbonat, a narkar da shi da ɗan ruwan ɗumi a cikin gorar, a ɗiga sabulun ruwa kamar rabin ƙaramin cokali, sannan a juye binegar kimanin mililita 100 a lokaci ɗaya, wato kusan rabin kofin shan ruwa. In ba sabulu, abin yana tashi fuu ya mutu nan da nan. Sabulun ne ke kama iskar ya mai da ita kumfa mai kauri da ke gangarowa a hankali. Mai bi wa babbar ya dage a ƙara hoda don aman ya fi girma, aka bar shi ya zuba cokali uku. Bai fi na farko ba, sai farin guntu da ya kwanta a gindin gorar. Mushe ya yi mana lissafi: binegar na kasuwa yawanci ruwa ne, tsamin da ke cikinsa kashi 5 zuwa 8 ne cikin ɗari, don haka mililita 100 ba ya iya cinye ko cokali ɗaya cikakke na hodar. Amma wannan ɗan abin yana fitar da iska wajen lita biyu, shi ya sa ƙaramar gora ba ta iya riƙe ta. Wanda ke son aman ya daɗe, binegar zai ƙara, ba hoda ba.

Sai gini. Laka muka samo wurin masu buga tubali a bayan gari, bokiti guda, ba su karɓi ko dala ba da suka ji na wasan yara ne. Wani dattijo a cikinsu ya ce in ba mu sa mata ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa ba za ta tsage, musamman a wannan sanyin hunturu da iska ke busar da komai. Muka roƙi ƙaiƙayin hatsi wurin mata masu sussuka, aka kwaɓa, aka bar ta ta kwana don ta yi danƙo. Da safe muka kafa gorar a tsakiyar falankin, muka naɗe ta da tsumma, muka toshe bakinta da leda don kada laka ta faɗa ciki. Tsumman yana da dalili: laka tana tsukewa in tana bushewa, gora kuwa ba ta tsukewa, in ba wani abu mai laushi a tsakaninsu dole ginin ya fashe. Kewayen gorar muka tara gutsattsarin tubali da takardar buhun siminti da aka dunƙule, sannan aka yaɓe da laka kaurin yatsa biyu. Da an yi shi duka da laka, nauyinsa zai hana ɗauka, cikinsa kuma ba zai bushe da wuri ba. Bakin gorar ya zo daidai da ƙoƙon da muka fafe a sama. Babbar ta ja kwaruruka da yatsa daga sama zuwa ƙasa don aman ya samu hanyar bi, ƙanenta ya jera ƙananan gidaje na kwalin ashana a gindin dutsen, har da garke na tsakuwa, autan kuwa ya shafe kansa da laka har gira. A ranar ba wanda ya nemi salula.

Jiran bushewa shi ne wurin da haƙurin yara ya kusa ƙarewa, nawa ma haka. Mun ajiye shi a inuwa ƙarƙashin rumfa, muka lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, don rana tana busar da baya ta bar ciki ɗanye. Duk da haka washegari muka tarar da tsaga biyu daga baki zuwa ƙasa, babbar ɗiyata har ta yi ƙwalla, tana ganin aikin ya lalace. Ba abin damuwa ba ne. Ana dama laka ruwa-ruwa a cusa a tsagar da yatsa, a sake rufewa. Ya ɗauki kusan mako kafin ya yi tauri sosai, kuma kullum da asuba sai an je an ƙwanƙwasa shi an dawo an tambaye ni, «Inna, yau ne?» Wanda zai yi nasa da damina ya ƙara wa jiran kwanaki. Da ya bushe, maigida ya dama siminti tsululu ya shafe shi da buroshi, don ɗanyar laka in ruwa ya bi ta kanta narkewa take yi. Wannan ma ya kwana biyu yana shan iska. Yara suka shafa baƙin gawayi a saman, suka bar gindin da launin ƙasa.

Maganar launi ta ba mu mamakin da ba mu shirya masa ba. Na ce me zai sa in sayi kala alhali ga zobo a gida, ja wur. Na jiƙa mai kauri, muka zuba a gorar gwaji a kan bikarbonat. Nan take ya fara tsiyayar kumfa tun kafin a sa binegar, don shi kansa zobo yana da tsami, amma jan ya ɓace, ya koma wani shuɗi-shuɗi mai duhu kamar zai yi baƙi. Yara suka yi tsit. Da aka zuba binegar mai yawa sai ja ya fara dawowa. Mushe da ya ji labari ya yi murna ƙwarai, ya ce launin zobo yana canzawa ne bisa ga abin da ya haɗu da shi: in tsami ne ya yi ja, in irin su kanwa da toka da bikarbonat ne ya yi duhu. Ya ce wannan gwaji ne mai zaman kansa, a kwaleji ma da irinsa ake gane mai tsami da kishiyarsa. Amma don aman dutse bai dace ba. Abin da ya yi mana aiki shi ne jar kalar abinci da masu yin ƙanƙarar lemo ke saye, dala ashirin, ana ɗiga ta a cikin binegar. Jan garin lemo na leda shi ma yana yi. A sani cewa kumfa tana hasken launi, in ba a sa kala da yawa ba, abin da zai fito ruwan hoda ne.

Ranar da aka sa, bayan la'asar, muka fitar da dutsen tsakar gida muka ɗora falankin a kan tubala, yaran maƙwabta suka cika gidan. Na sa kowa ya ja baya kamar taku biyu, na hana leƙa bakin dutsen, na ajiye bokitin ruwa kusa saboda ko binegar zai fantsama a idon wani. Da mazurari muka zuba ruwan bikarbonat da sabulu. Babbar ce ta riƙe kofin jan binegar, hannunta yana rawa. Ta juye, ta janye. Kamar ƙiftawar ido ba abin da ya faru, sai ga wani sauti shuuu daga ciki, kumfa ta kumburo ta cika ƙoƙon, ta tsaya jim kaɗan a baki, sannan ta ɓalle ta kwararon da ta ja da yatsanta, ta rabu biyu a kan wata tsakuwa, ta gangara ta shanye gidan ashana na farko. Ihun da yaran suka yi sai da mata suka leƙo ta katanga. Ni kaina na ji wani daɗi ya cika mini ƙirji, ganin abin da hannunsu ya gina yana aiki. Aka yi ta maimaitawa har kwalba ta ƙare. Bayan ƴan zubi gorar tana cika da ruwan da ya gama aiki, aman ya yi rauni, dutsen kuma ba ya juyuwa a zubar. Babbar sirinji marar allura, wadda na saya a farmasi, da ita muke zuƙe ruwan mu sake sabon zubi.

Ana cikin haka mai bi wa babbar ya tsoma yatsa a kumfar, ya ɗago ya dube ni ya ce, «Inna, ai da sanyi. Ina wutar?» A nan ne na ga amfanin dukan wahalar. Da an tsaya a ihu da tafi, da yaran sun tashi da tunanin cewa cikin dutse akwai hoda da binegar, ko kuma abin dabo ne. Na aika aka kira mushe, ya zo ya tsuguna a tsakiyarsu. Ya sa su taɓa gorar gwaji, suka ji ta fi sanyi bayan an haɗa, ya ce wannan haɗin jan zafi yake yi, ba fitarwa ba. Ya ce musu ƙarara abin da suka gina ba ya aiki yadda na gaske ke yi. A na gaske, dutse ne da kansa ke narkewa a can ƙarƙashin ƙasa, yana fitowa da zafin da ke kaiwa digiri 700 zuwa 1,200, alhali ruwa a digiri 100 yake tafasa. Jan da ake gani ba harshen wuta ba ne irin na itace, dutsen ne ya yi zafi har yana haske. Amma akwai wuri ɗaya da namu da na gaske suka haɗu, shi ne iska. Narkakken dutsen yana ɗauke da tururin ruwa da gas a narke cikinsa, nauyin ƙasa ya danne su. In ya taso sama nauyin ya ragu, sai iskar ta ɓalle ta tunkuɗo shi waje, kamar kwalbar lemo mai gas da aka girgiza aka buɗe. In narkakken dutsen tsululu ne, iskar tana fita cikin sauƙi, ya malalo yana gudu. In mai kauri ne, yana riƙe iskar har sai ta fashe da ƙarfi, ta watsa toka sama.

Babbar ta tambaya ko akwai irinsa a Nijar. Ya ce wanda ke aman wuta a yanzu babu, amma a duwatsun Abzin, arewa da Agadas, akwai tsofaffin da suka yi suka mutu, ana ganin ƙoƙunansu da baƙin dutsen da suka zubar. Can ne ma dutse mafi tsawo a ƙasar yake, a Bagzan, mita 2,022, kuma a Tafadek ruwa yana ɓuɓɓugowa da zafinsa, mutane na zuwa wanka. A Cadi akwai Emi Kusi a duwatsun Tibesti, mita 3,415, babu wanda ya kai shi a duk Sahara. Dutsen Kamaru, wanda ya haura mita 4,000, yana raye, ya yi amai a 1999 da 2000. Ya ba su labarin Nyiragongo a gabashin Kwango, wanda narkakken dutsensa ya ratsa birnin Goma a watan Janairun 2002 har ya shiga tafkin Kivu, ya sake amai a watan Mayun 2021. Yaron da ya jera gidajen ashana ya dubi nasa da kumfa ta rufe, ya tambaya me ya sa mutane ke zama kusa da irin wannan dutse. Mushe ya ce ƙasar da tokar ta zuba a kanta tana da albarkar noma sosai, kuma mutum ba ya barin gonar kakanninsa cikin sauƙi.

Surukata tana zaune kan tabarma tana kallon duk abin nan ba ta ce komai ba. Da aka ce binegar ya ƙare, yara suka fara ɓata rai, sai ta ce wa babbar, «Ke, ɗauko mini kanwa da tsamiya a ɗaki.» Ta ce ita tun tana yarinya take ganin wannan kumfar, duk ranar da aka jefa kanwa a tukunyar yakuwa don a kashe tsami, sai ta taso har ta nemi zubowa. Mushe ya ce wallahi gaskiyar Hajiya, abu ɗaya ne, kanwa ƴar'uwar bikarbonat ce, akwai shi ma a cikinta. Aka daka farar kanwa aka jiƙa da ruwan ɗumi aka tace yashin, aka jiƙa tsamiya mai kauri aka tace ƴaƴan. Aman da ya fito bai yi tsalle ba, a hankali ya kumburo, launin ƙasa-ƙasa, mai kauri, ya daɗe yana gangara. Kanwa tana buƙatar tsami fiye da bikarbonat kafin ta saki iskarta duka, ƙarfinta kuma ya danganta da irin wadda aka samu, don haka sai an gwada a gora tukuna. Ruwan lemun tsami ya fi tsamiya saurin tayar da ita. A ganina wannan aman ya fi kama da na gaske da ake nunawa a talabijin, kuma da na san haka tun farko, yawon neman hoda bai zama dole ba. Iyalin da ke ƙauye, inda babu farmasi kusa, da kanwar dala biyar da tsamiya za su yi wa yaransu wannan gwaji. Mushe ya ƙara da wani abin da ya sa surukata ta riƙe haɓa: a Tanzaniya akwai dutse mai suna Ol Doinyo Lengai wanda abin da yake amayarwa dangin kanwa ne, yana fitowa baƙi da zafin da bai kai na sauran ba, wajen digiri 500 zuwa 600, in ya sha iska ya koma fari.

Da magariba ta gabato ya nuna musu abu na ƙarshe, don su yarda cewa akwai iska ko da ba a ganinta. Ya zuba hoda a cikin balan-balan, ya ɗaura bakinsa a gora mai ruwan lemun tsami, ya ɗaga, hodar ta faɗa, balan-balan ya kumbura shi kaɗai. Sannan ya haɗa wani a cikin dogon kofi ba sabulu, ya jira kumfar ta kwanta, ya kunna guntun kyandir, ya karkata kofin a saman harshen wutar ba tare da ɗigon ruwa ya zuba ba. Wutar ta mutu. Yaran suka ce a sake, aka sake, ta sake mutuwa. Ya ce sunan iskar gas karbonik, ita ce muke fitarwa in mun yi numfashi, ita ce a cikin lemo, ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, shi ya sa ake iya zuba ta kamar ruwa ta kwanta ƙasa. Ɗan abin da gora ke fitarwa a tsakar gida ba ya cutar da kowa. Amma ya gaya wa manyan cikinsu abin da ya faru a tafkin Nyos na Kamaru, wanda ke cikin ƙoƙon tsohon dutse mai aman wuta: a daren 21 ga Agustan 1986 wannan iskar ta ɓalle daga ƙasan tafkin ta gangara cikin kwaruruka, ta kashe mutane sama da 1,700 da dabbobi dubbai, yawancinsu suna barci. Tun 2001 aka fara sa bututu a tafkin don iskar ta riƙa fita kaɗan-kaɗan. Wannan sashen na kyandir babba ne kaɗai zai yi shi, kuma labarin Nyos ban bari autana ya ji ba.

Ga wanda zai yi nasa, tsarin da zan ba da shawara shi ne a fara da gora da ma'auni, a bar gini daga baya, kuma a fara kwaɓa laka tun farkon hutu don jiran bushewa kada ya cinye shi. A bar yara su yi hasashe kafin kowane zubi, ko ƙarin hoda zai ƙara aman, ko ruwan ɗumi ya fi na randa saurin tayar da shi, sannan a gwada su gani, a canza abu ɗaya kawai a kowane gwaji. Babbar ɗiyata ta rubuta nata a bayan kayenta, abin da aka zuba da abin da ya fito, ta kai wa madam ɗinsu da aka koma lakwal. Kada a taɓa rufe gorar da murfi bayan an haɗa, don iskar tana iya fasa ta a fuskar yaro. Kada a yi amfani da kwalbar gilashi, kada a kusanci ruwan batir ko sodar sabulu ko da wani ya ce sun fi ƙarfi. Akwai kuma wanda na fi jin tsoro saboda yana cikin kowane gida a Yamai: ruwan Javel da muke wanke salati da shi yakan zauna kusa da kwalbar binegar, dukansu farare. In aka haɗa su suna fitar da iska mai guba da ke ƙona ido da huhu. Kafin a fara, a ɗauke Javel a kulle, kuma babba ne zai auno binegar da hannunsa ya miƙa wa yaro.

Kalar abinci tana kama tufafi da siminti, don haka a sa wa yara tsofaffin kaya, a yi a kan ƙasa ko cikin babban faranti. In an gama a zuƙe ruwan da ya rage a gorar, a ɗauraye ta da ruwa mai kyau, a bar dutsen ya sha iska kafin a mai da shi ƙarƙashin rumfa. Inda binegar ya fi bi, simintin yana ɗan cinyewa, sai a sake shafa masa wani kafin zubi na gaba.